Kwasa-kwasan da suka kai ni digirin digirgir a lissafin tsara ayyuka

Tambayar da ƙannenmu na sashen ƙididdiga da lissafi da kwamfuta suka fi aiko mini ita ce, wane kwas za su ɗauka tun yanzu idan suna son yin digirin digirgir a lissafin tsara ayyuka, fannin da ake taƙaita sunansa da O.R. a takardun jami'a. Yawancinsu sun ɗauka kwas ɗin da ke ɗauke da sunan fannin a fom ɗin rajista shi ne mabuɗin ƙofar. Kwas ne mai amfani, amma ba shi masu tantance takardu suke fara dubawa ba. Abin da suke nema shi ne shaidar cewa ɗalibi ya iya kafa hujja a lissafi, kuma kwasa-kwasan da ke ba da wannan shaida sau da yawa suna wani sashe daban, ba sa kuma shiga fom ɗinka sai ka bi ofisoshi da ƙafarka. Ni a sashen ƙididdiga na wata jami'ar tarayya a Arewa na yi digirin farko, kuma ga yadda al'amarin ya kasance.

A aji biyu na fara jin labarin fannin, a bakin wani malaminmu da ke son ba da tarihi kafin ya ɗauki alli. Ya faɗa mana yadda masana kimiyya a Ingila suka soma wannan aiki gab da Yaƙin Duniya na Biyu, suna nazarin yadda sojoji za su ci moriyar na'urar rada, da yadda Leonid Kantorovich ya warware wa wani kamfanin katako a Leningirad matsalar raba aiki tsakanin injinansa a 1939, da yadda George Dantzig ya fito da hanyar simfiles, wato matakan lissafi na gano amsa mafi riba ko mafi arha, a 1947 yana aiki da rundunar sojan saman Amurka. Abin da ya kama zuciyata shi ne lissafi ne na yanke shawara. Kaya kaɗan ne a hannunka, masu buƙata da yawa, ta wace hanya za ka raba ka fi cin riba ko ka rage asara? Motocin dakon taki, layin marasa lafiya a asibiti, jadawalin jiragen sama, duk wannan fanni ne ke kula da su.

Hutun ƙarshen aji biyu ya ƙare mini a karanta shafukan jami'o'in da suka yi suna a fannin: MIT, wadda Philip Morse ya kafa cibiyarta ta wannan fanni a 1953, da Cornell, da Columbia, da Georgia Tech, da Lancaster ta Ingila. Na riƙa kwafe sharuɗɗansu a littafin rubutu. Kafin in cika shafi biyu na lura abubuwa huɗu ne suke ta maimaituwa: liniya aljabra (lissafin teburan lambobi), riyal analisis (kafa hujjojin da kalkulas ya tsaya a kansu), furobabiliti (lissafin yiwuwar aukuwar abu) mai zurfi wanda aka gina a kan kalkulas, da iya rubuta furogiram na kwamfuta. Da yawansu ma ba su sa kwas ɗin O.R. cikin sharaɗi ba, don suna ɗaukar 'yan lissafi da injiniyoyi da ba su taɓa karanta shi ba. Na kuma gane cewa a Amurka ana shiga digirin digirgir kai tsaye da digirin farko, saɓanin nan gida da yawancin ƙasashen Turai inda sai ka yi digiri na biyu tukuna. Ma'ana, idan can ka nufa, takardar sakamakon digirinka na farko ce za ta yi magana a madadinka.

Ofishin farko da na shiga shi ne na kodinetar ajinmu, a makon farko na aji uku. Na gaishe ta, na ce, "Malama, ina so in ƙara kwas daga sashen lissafi, riyal analisis na biyu." Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai da kake kan daraja ta ɗaya? Ka san abin da kwas ɗin nan yake yi wa CGPA kuwa?" Na nuna mata abin da na kwafo a littafina. Ta karanta a tsanake, sannan ta jawo littafin jagora na sashe da fensir, ta yi mini bayanin da har yau nake gode mata a kansa. Ba a wuce yunit 24 a samista ɗaya, ba a kuma yin ƙasa da 15. Kwasa-kwasan dole su ake fara cikewa, abin da ya saura shi ne filinka. Kwas ɗin zaɓi daga wani sashe sai shugabannin sassan biyu sun sa hannu. Idan kuma ka yi rajista ka faɗi, sifilin zai zauna cikin lissafin makinka har ka gama. Daga nan ta zana mini sauran zangunan karatuna a bayan wata takarda, ta ja layi a kan samista ta biyu ta aji uku, wadda ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ta ce, "Wannan ta SIWES ce, babu aji." A nan gabana ya faɗi, don sai lokacin na ga cewa samista uku kaɗai suka rage mini na ɗaukar kwas ɗin zaɓi, kuma wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake koyar da su a shekara, wasu kuma ba a barinka ka shiga sai ka ci na ƙasa da su.

Daga wurinta na nufi sashen lissafi. Sakataren shugaban sashe ya ce in fara ganin malamin kwas ɗin, don shugaba ba ya sa hannu sai malami ya amince. Malamin dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma kama shi a ofis sai da haƙuri. Na yi zaman benci a baranda har na san lokacin da masu shara suke tashi. Da na same shi, bai tambaye ni CGPA ba. Ya miƙo mini takarda ya ce, "Malam, nuna mini cewa jerin ɗaya bisa ɗaya, ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku, har abada, yana tafiya zuwa sifili." Na rubuta abin da muka koya a riyal analisis na ɗaya: a ba ni kowace lamba, komai ƙanƙantarta, muddin ta fi sifili, zan nuna wani mataki a jerin wanda daga shi zuwa gaba duk lambobin sun gaza ta. Ya bi layi-layi da jan biro, ya tsaya a wuri ɗaya ya ce in faɗi dalilin da ya sa dole irin wannan matakin ya samu. Na faɗa, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Shugaban sashen lissafi ya sa nasa washegari, namu kuma bayan ya dawo daga taron majalisar jami'a.

Sa hannu bai gama aikin ba. Fotal ɗin rajista ba ya nuna maka kwas ɗin wani sashe, don haka sai na biya kuɗin fom ɗin ƙari da ragi ta Remita, kuɗin ba su da yawa, na buga rasit, na kai ofishin da ke kula da fotal, na shiga layi tare da masu kari-oba da masu gyaran suna. Bayan sun buɗe mini kwas ɗin na sake buga fom ɗin rajista sabo, aka sake sa hannu. Wani ɗan aji huɗu ne ya ja ni gefe ya ce kar in koma ɗaki sai na kai kwafi ga jami'in jarrabawa na sashen lissafi da na sashenmu, hannu da hannu. Dalili kuwa shi ne sakamakon ɗan aro ya fi kowanne saurin ɓacewa: sunanka ba ya cikin jerin 'yan ajinsu, kuma sashenka bai san ana jiran wani maki daga waje ba. Na bi shawararsa, na kuma ajiye kwafi ɗaya a jakata. Sai ga karo a jadawali, lakcar analisis ta faɗo daidai da wani kwas na dole a sashenmu. Wakilin ajin 'yan lissafi ya taimaka muka roƙi malam, aka mayar da awa ɗaya zuwa sassafe. Karon jarrabawa kuma, da zarar an manna jadawalin gwaji a allon sanarwa ake zuwa a kai ƙorafi. Idan an fitar da na ƙarshe, magana ta ƙare.

Kwas ɗin ya ba ni wuya, kuma B na samu. Amma a nan na fahimci abin da ya sa jami'o'in can suke nacewa a kansa. Duk wanda zai nemi hanya mafi arha ko mafi riba, tambayar farko da zai amsa ita ce ko wannan mafi kyawun yana nan ma tukuna. Ƙa'idar Weierstrass ce ke ba da amsa, kuma a analisis ake koyonta tare da sharuɗɗanta. Tambaya ta biyu, idan ka ƙirƙiro hanyar da kwamfuta za ta bi mataki-mataki, me ya tabbatar maka za ta isa inda ake so ba za ta yi ta yawo ba? Wannan ma maganar jerin lambobi ce, irin wadda dattijon nan ya gwada ni da ita. Mai digirin digirgir a wannan fanni aikinsa ke nan: ya ƙirƙiro hanya, ya kuma kafa hujjar cewa tana aiki.

A wannan samistar na ɗauki kwas ɗin O.R. na sashenmu, na dole ne. Mun cika tebur bayan tebur na simfiles da hannu, kuma mafi yawanmu mun haddace matakan ba tare da sanin me ke gudana ba. Ni liniya aljabra na aji biyu ne ya cece ni, musamman kashi na biyu da ake hujjoji a cikinsa. Da shi na gane cewa kowane tebur kusurwa ɗaya ce ta wani fili mai gefuna, kuma simfiles tsalle yake daga kusurwa zuwa maƙwabciyarta wadda ta fi riba. Da shi kuma na gane tagwayen matsala, wato kowace matsala tana da 'yar uwa wadda amsarta ke gaya maka nawa za ka ƙaru da shi idan aka ƙara maka buhu ɗaya a sito ko awa ɗaya a kan inji. Saboda haka nake ce wa 'yan aji biyu kar su yi wa liniya aljabra karatun cin jarrabawa kawai.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, ga yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disamba. A zaman gidan nan na koyi Python, wani yaren rubuta furogiram, a tsohuwar kwamfutar yayana, na kalli lakcocin liniya aljabra na Gilbert Strang da MIT ta saka kyauta a intanet, ina sauke su da dare lokacin da data ta fi sauƙi. Na rubuta simfiles da kaina a Python. Wata rana furogiram ɗin ya kama zagaye a wuri ɗaya ya ƙi tsayawa, kuma a neman dalili na gano matsala ce sananniya, wadda Robert Bland ya samar wa ƙa'idar magani a 1977. Irin wannan karatun ba ya fitowa a takardar sakamako, amma ya ba ni abin faɗa a takardar bayanin buri daga baya.

SIWES na yi a wani babban sito da ke rarraba kayan masarufi zuwa garuruwa. Kowace safiya manajan yakan zauna da wani littafi mai baƙin bango da waya biyu, yana raba motoci: wannan ta bi ta nan, waccan ta sauke a can. Na roƙe shi bayanan wata guda, na tsara lissafin, na kawo masa amsar da ta rage kuɗin mai. Ya duba ya ce, "Ɗan makaranta, wannan hanyar da damina tirela ba ta bin ta. Wannan garin kuma ran kasuwa ba ka shiga da mota kafin la'asar." Ya ƙara nuna mini inda lissafina ya tura mota biyu da rabi. Wannan rabin motar ne ya buɗe mini wani babi: idan dole amsa ta zama cikakkiyar lamba, matsalar takan yi tsanani ƙwarai, har kwamfuta ta kwana tana nema. Hanyar da aka fi bi wajen warware irinta Ailsa Land da Alison Doig ne suka fito da ita a Landan a 1960. A nan na yanke shawarar sai na ɗauki kwas ɗin algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi wajen warware matsala, da tsarin adana bayanai daga sashen kwamfuta.

A aji huɗu na sake bin ofisoshin nan kaf, amma wannan karon na san hanya, kuma na fara tun kafin a buɗe rajista. Sashen kwamfuta suka ce kwas ɗin yana da sharaɗin wani kwas na aji biyu da ban yi ba. Na kai wa malamin furogiram ɗin da na rubuta a gida, ya sa na buɗe shi a gabansa na yi bayani, sannan ya rubuta wa shugaban sashensu cewa a ɗauke mini sharaɗin. Zaɓi mafi wuya shi ne na samistar ƙarshe. Yunit uku suka rage mini. Abokaina sun cike nasu da wani kwas da kowa ya san A ake samu, ni kuma ga meja tiyori na 'yan lissafi, wato lissafin awon girma a zurfafe, yana kallona, ga CGPA ɗina yana ɗan sama da 4.50, iyakar daraja ta ɗaya. Na koma wurin kodineta muka yi lissafi da kalkuleta: idan na sami C, zan tsira da ƙyar muddin na riƙe sauran. Na ɗauka. Dalilina shi ne tun da Kolmogorov ya kafa tushen furobabiliti a 1933, duk karatun sa'a da rashin tabbas mai zurfi a kan meja tiyori yake tsaye, kuma rabin wannan fanni namu rashin tabbas ne: layin jira, wanda Erlang ya fara nazarinsa a kamfanin tarho na Kofanhagen a 1909, sarƙar Markov, ajiyar kaya a lokacin da ba ka san yawan masu saye ba. Sitokastik furoses kuwa, wato nazarin abubuwan da ke sauyawa da lokaci bisa sa'a, na dole ne a sashenmu, kuma su biyun sun riƙe wa juna hannu. Yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tsinka mana shekarar gida biyu, na yi amfani da shi na gama furojet ɗina a kan matsalar motocin siton nan.

Takardar cikakken sakamako, wato tiranskirif, na nema ina cikin hidimar ƙasa a 2023. An biya kuɗi, an cike fom, sannan jira. Fayil ɗina ya tsaya a tsakanin sashe da ofishin kula da sakamako saboda makin kwas ɗin kwamfuta bai bayyana a wata takarda ba. Kwafin fom ɗin rajistar da na adana shi ya warware maganar, jami'in jarrabawa ya bi sawu aka samo makin. Da na bari sai Nuwamba, da wa'adin ya wuce ni, don yawancin jami'o'in Amurka a Disamba suke rufe karɓar takardu. Mafi yawansu sun karɓi hoton takardar a matakin nema, sai an ɗauke ka suke buƙatar wadda aka aiko daga jami'a kai tsaye.

Kuɗi kuwa sun ciji. Jarrabawar GRE ta masu neman digiri na gaba, wadda aka gajarta a Satumban 2023 ta koma ƙasa da awa biyu, ta haura dala 200. Ta Turanci ma haka take da tsada, sai dai wasu jami'o'in suna ɗauke wa 'yan Najeriya ita, don haka a duba kafin a biya. Kowace jami'a kuma tana da kuɗin fom, galibi kusa da dala 100. Duk wannan a lokacin da dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, kuma katin naira ba ya biyan kuɗi a waje. Wani ɗan uwa mai asusun dala ne ya riƙa biya mini ina tura masa naira. Na rubuta wa wasu sassan na roƙi a yafe mini kuɗin fom, wasu suka yafe, wasu suka yi shiru. A wani fom an buƙaci in jera kowane kwas na lissafi da na yi, da makinsa, da littafin da aka koyar da shi, kuma tsofaffin takardun tsarin kwas da na tara ne suka fisshe ni. Wasiƙun shaida uku ake nema. Biyu daga ciki sun fito ne daga malaman da na je aron kwas a wurinsu, kuma dattijon analisis ya rubuta abin da ya gani da idonsa a takardun jarrabawata. Malamin da ka ci A a ajinsa na mutum ɗari uku bai san abin da zai faɗa a kanka ba.

Na fara karatu a Amurka a Agustan 2024, da tallafin da ya ɗauke kuɗin makaranta ya kuma ba ni albashin wata, kamar yadda aka saba yi wa ɗaliban digirin digirgir a wannan fanni. Shekarar farko gida biyu ce: lissafin zaɓen mafi kyau, da lissafin rashin tabbas, sannan jarrabawar tantancewa. Aikin gida na makon farko babu tebur ɗin simfiles ko ɗaya a ciki, hujjoji ne daga sama har ƙasa. Wani abokin karatuna injiniya, wanda ya fi ni iya furogiram nesa ba kusa ba, sai da ya koma ajin 'yan digirin farko ya ɗauki analisis a gefe.

Abin da zan ce wa mai niyya ya danganta da sashensa. Ɗan lissafi ya riga ya sami analisis da aljabra cikin kwasa-kwasan dole, abin da zai nema a waje shi ne furobabiliti, sitokastik furoses da furogiramin, kuma kar ya raina su. Ɗan ƙididdiga irina ya nemi analisis na biyu, meja tiyori in da hali, da algoridim. Ɗan kwamfuta yana da algoridim a hannu, giɓinsa analisis da furobabiliti mai zurfi. A ra'ayina B a kwas mai hujja ya fi A a kwas ɗin cike gurbi daraja a idon masu tantancewa, amma kar a ɗebo masu wuya uku a samista ɗaya, don CGPA ɗin da ya rushe ma ƙofa yake rufewa, musamman wajen neman tallafin karatu na gida. Ɗaya a kowace samista ya isa, kuma a zauna da kodineta tun ƙarshen aji ɗaya a zana zangunan duka, da SIWES a ciki.

Injiniyoyi su ne suka fi shan wuya, don jadawalinsu a cike yake, kuma lissafin injiniya na ƙirga amsa ne, ba a cika kafa hujja a cikinsa ba. Wanda ya riga ya gama ko ya kusa, ba tare da waɗannan kwasa-kwasan ba, yana da hanyar digiri na biyu a lissafi ko ƙididdiga a nan gida, ko Jami'ar Modibbo Adama ta Yola da ke koyar da ƙididdiga da O.R., ko kuma cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, take kuma da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Tana ba da digiri na biyu a lissafi na kimanin shekara ɗaya, da cikakken tallafi na karatu da masauki da abinci, kuma a watannin farkon shekara take rufe karɓar takardu, don haka mai sha'awa ya nemi tiranskirif ɗinsa tun kafin shekara ta ƙare.